Matar da Muka Iske a Kogon Gambaga

A shekarar da yunwa ta ci Ghana ina 'yar shekara goma sha biyu, muna zaune a zangon Hausawa na garin Bawku. Gobarar daji ta lashe gonaki, masara ta ɓace a kasuwa. Babana ya dawo cikin waɗanda aka koro daga Najeriya, daga shi sai tabarma da buta. Mahaifiyata ta tura ni Gambaga wajen kakata, a rage baki ɗaya.

Can ɗin ma ba ta sauya zane ba. Wata safiya Kaka ta ɗauki fartanya, ta ce in biyo ta tonon rogon daji a gindin dutse. Muka gangara ta wata siririyar hanya ina riƙe da bakin zanenta, don in na leƙa ƙasa jiri ke ɗibata.

A tsakiyar gangaren muka iske kogo, cikinsa ƙananan rumbunan laka, wasu sun farfashe. Kaka ta ce mutanen da ne suka gina, zamanin da mahara ke kama mutane su kai kasuwar bayi ta Salaga. Na zura hannu cikin ɗaya ko zan dace da ƙwayar dawa. Kashin jemage kawai na damƙo.

Sai muka ji tari. Can ciki wata mata ce zaune da jariri a cinya, ga murhu ba wuta.

"Sannu, baiwar Allah," in ji Kaka. "Nan kike kwana?"

Ta amsa da Hausa guntu-guntu. Ɗakinsu ya ƙone, mijinta ya tafi Yendi neman ƙwadago, wata biyu ke nan. Jaririn ko motsi bai yi ba. Na kafe ƙirjinsa da ido.

"Kaka, yana numfashi kuwa?"

"Rufe mini baki."

Kaka ta kwance garin rogon guzurinmu, ta jiƙa, ta miƙa mata. Ta ce ta tashi mu tafi gida. Matar ta ƙi. Nan mijinta ya bar ta, in ya dawo bai same ta ba fa?

Sau uku muna kai mata koko. A na huɗu muka tarar ba kowa, an share wurin tas, tukunyarta ma babu. Kaka ta daɗe tana duban ƙasa, sannan ta ce wadda ta rasa ɗa ba ta tsayawa shara. Na so in yarda. Duk da haka muna hawowa ina waige, ina duba gefen hanya ko zan ga sabuwar ƙasar kabari.