Ranar da taɓo ya riƙe Yaya

Mu Sarkawa ne, mutanen ruwa, daga Yauri. Yayana, wanda ya kawo ni London nake zaune a gidansa a unguwar Plumstead, ba ya gajiya da faɗar haka. Ba ni da kowa a ƙasar nan sai shi.

Duk ranar da ba shi da aiki yakan ɗauki fatsa ya nufi bakin kogin Thames, neman wani kifi da suke kira bass, mai kama da ɗan giwan ruwa. Ba ya sa tana. Wani kifin roba yake ɗaurawa, mai ƙugiyoyi, wanda ba ya nutsewa. Ya wurga shi nesa, ya riƙa fizgar sandar a hankali, robar tana tangaɗi a saman ruwa kamar kifin da ya ji ciwo, har na gasken ya taso ya cafke.

Wata Asabar da hantsi na bi shi. Muka tarar ruwan ya janye can tsakiya, ya bar taɓo fili guda.

"Yaya, tsaya nan kan duwatsu mana."

"Daga nan me zan kama, Auta? Kwalba?" Ya naɗe wando. "A gida da rani har tsakiyar kogi muke takawa."

Kogin gida sai da damina yake cika, a hankali. Wannan kuwa a yini ɗaya yake tafiya ya dawo. Yaya ya sani, amma ƙafarsa ba ta sani ba.

Bai jima ba ruwa ya fashe, kifi ya kama. Ya yi ihu, "Matsoraciya, kin gani?" Ya ƙara taku don ya jawo shi, ƙafar ta lume har gwiwa. Ya yunƙura, ɗayar ma ta lume. Dariya yake yi. Ni ce na hango ruwan yana zagayowa ta bayansa.

Na kira masu ceto, amma Turancin ya gudu daga bakina. "Yayana, yayana," kawai nake faɗa, har wata Baturiya mai yawo da kare ta karɓe wayar. Ruwa ya kai masa ƙugu, ya kai ƙirji. Ya daina dariya.

"Auta, juya baya. Kada ki kalla."

Ban juya ba. Da na juya, wataƙila da yanzu ina iya barci.

Masu ceton sun zo da jirgin ruwa, suka shimfiɗa katako, suka zaro shi ba takalmi, leɓɓansa sun yi fari. Tun ranar, in bas ta hau gada sai in rufe ido. Ko ƙarar famfo faɗar mini da gaba take yi.

Na kira Inna a gida ina kuka, don ta hana shi. Ta ce, "Alhamdulillahi. Ai kin gani da idonki, ruwa ba ya cin nasa."

Makon da ya wuce na dawo daga aiki na tarar ya baje sababbin kifayen roba a kan tebur yana gwada kaifin ƙugiya da farce. Na durƙusa na roƙe shi don Allah da Annabi. Ya saurare ni har na gama.

"Asabar zan koma," in ji shi. "Ki zo ko ki zauna, duk ɗaya. Amma in kin zauna, wa zai kira masu ceto?"