Kafaɗar Bayyumi

Duk wanda ya zauna a lungun masu guga da ke Bulak, a Alƙahira ta wajen 1958, ya san Bayyumi Abdul-Ati. Duk wanda kuma ya taɓa shiga silima a Masar ya gan shi, sai dai bai san ya gan shi ba. Shekara ashirin da uku yana sana'ar cika wuri a fim. Shi ne mai wucewa da tire a bayan jarumi, shi ne na huɗu a masu ɗaukar makara, shi ake hankaɗewa idan faɗa ya kaure a gidan rawa. Kullum da safe zai goge takalmi ya tafi wani shagon gahawa a tsakiyar gari inda ire-irensa ke zama, su yi ta juya shayi ɗaya har azahar, suna jiran Mu'allim Dardir mai ɗibar mutane ya zo ya nuna su da baki: kai, da kai, da kai mai gashin baki. Wanda ba a nuna ba ya koma gida a ƙasa.

Matarsa Nabawiya wankau take yi wa gidajen masu hali. Allah bai ba su haihuwa ba, don haka ba ta da abin tinƙaho a lungun sai wannan miji da aikinsa, aikin kuwa ya ƙi ba ta haɗin kai. Sau uku tana jan maƙwabta zuwa kallo, sau uku abin da ya bayyana bai wuce ƙeyarsa da kafaɗarsa ba. Tun daga nan Ummu Ratiba, maƙwabciyarsu ta bene na biyu, mace mai baki kamar reza, ta samu abin yi.

“Nabawiya, ina kwana? Ya kafaɗa? Ta tashi lafiya?”

“Lafiya lau, Ummu Ratiba. Ya naki, ya dawo daga caca ko yana can?”

Tana ramawa, amma abin yana cin ta, Bayyumi kuma ya sani. Ba suna yake nema a duniya ba, wannan ya daɗe da cire rai. Abin da yake so bai wuce rana ɗaya matar nan ta ga fuskarsa a allo, ta ji muryarsa, ta hau benen nan kanta a sama.

Sai ga wani matashin darakta da ya yi karatu a waje, wanda ba ya dariya, ba ya kuma son a yi a gabansa. Ya zo shagon da kansa, ya tsallake duk masu kwat da man gashi, ya tsaya a kan Bayyumi ya daɗe yana kallonsa.

“Wannan fuskar ta gaji,” in ji shi. “Ita nake so.”

Bayyumi bai san ko yabo ne ko zagi ba, bai kuma tsaya tambaya ba. Aka ba shi jimla biyu, aka kawo kyamara har gaban hancinsa. Da ya dawo gida ya ƙi gaya wa Nabawiya ko wane ne shi a fim ɗin, wai sai ta gani da idonta. Abin da kawai ya ce shi ne a ƙarshe yake fitowa, kuma yana magana. Wannan ɓoyon shi ne wautarsa, don kafin sati ya zagayo Nabawiya ta riga ta ɗinka masa kwat a ranta, ta kuma gaya wa lungun kaf.

Aka saki fim ɗin washegarin ƙaramar Sallah. Wanda ya yanke wannan shawara, Allah kaɗai Ya san abin da ya sha. Mutum ya yi wata guda yana azumi, ya sa sabuwar jallabiya, ya cika aljihu da soyayyun 'ya'yan kankana, me yake so a silima? Rawa yake so, da waƙa, da gida mai fitilu a rataye, da mugun attajiri da zai sha mari, a ƙare da biki da guɗa. Mu nan haka muka san fim.

Su goma sha ɗaya suka tafi kallon ƙarfe uku na rana, a kujerun gaba na talakawa. Nabawiya ta aro takalmi mai tsini wajen wata da take yi wa wanki. Usta Gabir mai guga ya rufe shago ya biyo su, Ummu Ratiba kuma ta zauna dab da Nabawiya, ta ce ba ta so ko ƙiftawa ta wuce ta.

Labarin wani direban tasi ne da wata mace ta ja shi cikin fataucin ƙwaya. Tun daga farko allon duhu ne, rabin fuskar kowa a inuwa. Ba wanda ya yi waƙa. Aka nuna ɗakin direban: bango mai zubar da gishiri, risho mai hayaƙi, uwarsa tsugune gaban bahon wanki. Bayyumi ya saci kallon matarsa ya ga ta daina tauna.

“Kai mai inji!” wani ya yi ihu daga baya. “Ƙara wa fitilar kananzir!”

Aka yi dariya, dariyar ƙarshe ke nan. Direban ya kashe abokinsa, matar ta sayar da shi ga 'yan sanda ko a jikinta, uwar ta mutu ba ya nan. Jama'a suka yi ta jiran inda abin zai juya, ya ƙi juyawa. Sai fito ya fara, sai buga ƙafa, sai ɓawon lemo ya fara sauka a kan allo.

“Ina mai rawar?”

“Ranar Sallah za ku kawo mu zaman makoki? Allah Ya isa!”

“Wannan ai gidanmu ne! In gidanmu nake son gani sai in zauna a gida!”

Usta Gabir ya miƙe yana kakkaɓe jallabiya. “Bayyumi, ka yafe ni, ƙirjina ya yi nauyi. Ko a jana'izar babana an fi wannan walwala.”

Ummu Ratiba ba ta yi ihu ba, ta fi ƙarfin haka. Ta karkato ta ce, yadda layi uku za su ji, “Nabawiya, bahon can ba naki ba ne? Ashe ke ma kin fito.”

Nabawiya ta tashi. Bayyumi ya riƙo gefen mayafinta.

“Zauna mana. An kusa, wallahi an kusa.”

“Sake ni, Si Bayyumi,” in ji ta, da lakabin girmamawar da take kiransa da shi. “Ni dai sake ni. Numfashina ba ya fita.”

Ta bi bayan sauran, tana ɗingishi cikin takalmin aro. Wani ya karya kujera a baya, mai silimar ya tsorata ya sa aka kunna fitilun zaure aka buɗe ƙofofi, amma injin bai tsaya ba. Haka Bayyumi ya ga kansa, cikin hoton da haske ya wanke, zaure ya kusa zama kango. An harbe direban a bakin titi. Wani tsoho mai gasa masara ya zaro jaridun da yake naɗe masara da su, ya lulluɓe gawar, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya faɗi a titi ba shi da kowa. Ɗan sanda ya tambaya ko akwai wanda ya san mamacin. Fuskar Bayyumi ta cika allon, kowane layi na goshinsa a fili.

“Kullum ta nan yake wucewa, ranka ya daɗe. Ban taɓa tambayar sunansa ba.”

Ya yi kyau. Shi kansa ya san ya yi kyau, wannan ne ma ya fi yi masa ciwo. Ya juya ya dubi kujerar da ke gefensa, ba komai a kai sai ɓawon 'ya'yan kankana.

A waje ya same ta zaune a gefen titi kusa da mai ruwan rake, takalman a hannu. Maƙwabta sun wuce.

“Ka fito?”

“Na fito. Fuskata duka. Na yi magana.”

Idonta ya ɗan yi haske. “Kwat suka sa maka?”

Ya gaya mata gaskiya: tsumma, masara, gawa, jarida. Ta daɗe tana kallon ƙafafunta da suka kumbura.

“Don Annabi, Si Bayyumi, kada ka gaya wa kowa. Gara su ce ba ka fito ba. Kafaɗa na saba da ita. In Ummu Ratiba ta ji mai rufe gawa ne, ba ni da sauran zama a lungun nan.”

Ya ce to. Ya so ya sake kawo ta su biyu kawai, ta ce sai ta huce, kwana huɗu kuma aka sauke fim ɗin daga ko'ina. Daraktan ya bar ƙasar. Bayyumi ya koma shagon gahawa, inda Mu'allim Dardir ya ɗauki wata shida yana tsallake shi, wai fuskarsa tana korar 'yan kallo. Daga baya aka mance, ya koma ɗaukar tire da makara. A lungu aka ƙara masa sunan maƙaryaci a kan na da, bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba. Nabawiya ta rasu shekara goma sha ɗaya bayan haka, da ciwon ƙirji, ba ta sake taka ƙofar silima ba.

Sai da ya tsufa ƙwarai, gwiwa ta hana shi sauka daga bene, sannan masu ilimi suka tono fim ɗin suka ce ba a taɓa yin kamarsa ba. Aka sa shi a talabijin wata Juma'a da la'asar. Bayyumi ba shi da akwatin, bai ma ji labari ba. Yana zaune yana gyara wake sai ya ji ana hawowa da sanda, ana haki. Ummu Ratiba ce, ba haƙori ko ɗaya, ta kalli fim ɗin a ɗakin ɗanta.

“Bayyumi! Ashe da gaske ka fito? Fuskarka ce wallahi, har na yi kuka. Shekara nawa muna ce maka maƙaryaci, me ya hana ka magana?”

“Ita ta ce kada in faɗa.”

Tsohuwar ta nemi bakin gado ta zauna. Ta yi ta murza bakin mayafi.

“Allah Ya ji ƙanta,” ta ce can. “Da ta daure ko minti goma ne...”

“Bakwai,” in ji Bayyumi, bai ɗago daga kan tiren waken ba. “Minti bakwai ya rage.”