Sallamar Kakata

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a sakandare a Talata Mafara, jarrabawar darasin haƙƙin ɗan ƙasa ta matso. Kaina ba ya riƙe karatu sai na ɗaga murya, gidanmu kuwa gidan mahauta ne, hayaniya ba ta ƙarewa. Sai na koma ɗakin kakata, mahaifiyar babana, wadda ta daɗe a kwance. Ina jinya, ina haddar babi na huɗu na kundin tsarin mulki.

Wata rana ta ce, "Maigidana, mi kake ta surutu haka kamar mai kiran kasuwa?"

Na gyara zama, ni ga mai ilimi. Na fassara mata: kowa yana da haƙƙin rayuwa, da na mutunci, kuma ba a bautar da kowa a ƙasar nan.

Ta juyo ta dube ni. Can ta ce, "Wa yac ce?"

"Doka ce, Kaka."

"Tana da baki? In tana da baki ta taho ta hwaɗa min."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ranar na san dalilin da ya sa kowace layya take sa a ware cinyar rago a aika Faru. Mahaifiyarta tana ƙarama aka sayo ta baiwa a wani gida a can, tun kafin zuwan Turawa, har ta rasu ba wanda ya furta cewa ya 'yanta ta. A wannan gidan na Faru aka haifi kakata. Ta yi aure, ta ga jikoki, amma a ranta tana nan a hannun mutanen.

Da ciwo ya yi tsanani sai ta daina barci. Takan zuba wa bakin ƙofa ido da rana tsaka, ta ce, "Ku dakata min, ba a sallame ni ba." Ba kowa a wurin sai labule. Liman ya zo ya yi mata bayani, ni ma na sake karanto mata abin da na haddace har muryata ta dushe. Ta riƙe hannun babana ta ce, "Kada ka bari in tai da igiya a wuya."

Washegari da asuba muka hau babur, ni da baba, mu je mu roƙo mata sallama. Sai da hantsi ya wuce muka isa Faru, aka nuna mana gidan a bayan gari. Ya zama kango, katanga ta zube, tumfafiya ta fito a tsakar gida. Mai kai naman ya daɗe yana cewa mutum ɗaya ya rage a zuriyar. Muka same ta a ɗakin da bai rushe ba, tsohuwa makauniya, tana zaune a kan buzu, ta fuskanci ƙofa.

Baba ya yi sallama, ya fara gaisuwa. Bai kai ga faɗin ko mu su wane ne ba ta ɗaga hannu.

"Ɗan mahauta ne? Kun yi wahalar banza. Ta taho da kanta da hantsi, nan tat tsaya inda kake tsaye. Na ce mata ta tai, ɗiya ce, ba baiwa ba, ba mai bin ta komi."

Baba ya matsa daga wurin da sauri. Ba mu ko sha ruwa ba muka juyo.

Tun daga bakin layinmu muka hango tabarmi a ƙofar gida. Mahaifiyata ta ce da hantsi kakata ta yi barci, karo na farko a kwanakin nan, ta farka ta nemi a ba ta fura, ta sha, ta yi kalmar shahada.

Na rubuta jarrabawar cikin makon zaman makoki, na kuma ci. Ban taɓa neman wanda zai yi min bayanin abin da ya faru a Faru ba, baba ma bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya. Abin da ke damuna daban ne. Matar nan ta yi rayuwarta duka tana jiran magana ɗaya, da tsohuwar da za ta furta ta, da mu da ke cin tuwo tare da ita, ba wanda ya taɓa tambayarta abin da take jira. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.