Rumfar Makokin Ɗana

An kashe ɗana a arewa, kusa da iyaka. Soja ne, shekararsa ta biyu da sa kaki. Ba a kawo gawa ba. A can suka binne shi tare da wasu, ni kuma aka kawo mini takarda da Faransanci. Telan da ke jikin gidanmu ya karanta mini, ya ninke, ya miƙo mini bai dubi fuskata ba.

Ni mai soya ne, wato tsire, a unguwar Briqueterie, gadon ubana. Yaron ma a gaban tukuba ya tashi, ya fi ni iya fere tsoka. Da yaƙi ya tare hanyar shanu, nama ya yi tsada, masu saye suka ragu, tukuba ɗaya ta kasa riƙe mu biyu. Shi ya sa ya tafi soja. Ban hana shi ba.

Wanda bai wanke gawar ɗansa ba, bai sa shi a rami ba, abin da ya rage masa shi ne zaman makoki. Kwana uku mutane su zo, a ɗaga hannu a yi Fatiha, ran na uku liman ya yi addu'a a raba sadaka. Wannan kaɗai ya rage da zan yi wa yaron, kuma na so a yi shi yadda ake yi.

Damina ce. Lungunmu idan sama ta sako, kwata takan cika ta hau hanya. Yayana shi ne mai tara wa jam'iyyar masu mulki jama'a a kartiye, wato unguwarmu. Kafin azahar ya iso da rumfar tamfol da kujerun roba. Sai da aka ɗaure ta na ga tambarin jam'iyya a jiki, manya-manya, ta kowane gefe. Na gani na yi shiru. Ruwa nake tunani, da tsofaffin da za su zo gaisuwa. Wannan shirun ne kuskurena.

Ina da aboki tun na ƙuruciya, mahaucin da nake sarar nama a wurinsa, ɗan adawa ne na gaske. Ya zo ya tsaya a bakin rumfa, ya ɗaga kai ya duba. Ya ce mini ba zai zauna a inuwar waɗanda suka ci haƙƙin yaron ba. Ya tsallaka kwata, ya shimfiɗa tabarma a jikin katangar masallaci, inda kwanon rufi ba ya tare ruwa sosai. Mutanensa suka bi shi.

Makoki ya zama biyu. Mai zuwa gaisuwa sai ya tsaya a bakin lungu, ya duba dama da hagu kafin ya zaɓi wurin zama. Wasu daga nan suka juya, don kada a ce suna tare da wane. Ni nake tsallaka kwata, in karɓi Fatiha a nan, in koma in karɓa a can, rigata a jiƙe.

Tsakanin Fatiha da Fatiha kuwa siyasa ake yi. 'Yan tabarma na cewa gwamnati ta zuba dukiya a filayen ƙwallo da motocin manya, ta tura 'ya'yan talakawa daji da yagaggen takalmi. 'Yan rumfa na cewa yaƙin daga ƙetare ya shigo, tsadar mai da fulawa duk duniya ce, kuma zanga-zangar 'yan adawa ce ta rufe kasuwa ta kori masu saye. Kowa da wayarsa a hannu, yana kunna muryar wani mai faɗin abin da yake son ji. Ran farko ƙasa-ƙasa ake yi. Ran na biyu aka fara ɗaga murya yadda ɗaya gefen zai ji. Yayana na kiran yaron gwarzon ƙasa, abokina na kiransa wanda aka sayar. Uwar yaron tana ciki, tana ji ta taga.

Ran na uku da hantsi liman ya zo. Mata sun soya masar sadaka, an jera a kan tebur a ƙofar gida. Liman tsoho ne. Ya ga wuri biyu, ya tsaya a kan katakon da muke tsallaka kwata, ya ce a haɗu wuri ɗaya.

Yayana ya ce, "Allah gafarta Malam, ga kujera ga inuwa. Wanda ya ƙi zuwa, shi ya sani."

Abokina ya amsa daga tabarma, "Inuwar giginya ce, Malam, na nesa ka sha."

Aka yi dariya a gefensa. Wani daga rumfa ya ce a dubi masu son riƙe ƙasa suna dariya a gidan mutuwa. Aka miƙe, aka cakuɗe. Ban san wanda ya ture teburin ba. Masa ta zube a kwata, ruwa ya tafi da ita. Liman na riƙe da carbi, bakinsa na motsi, ba mai jinsa.

Na shiga gida na ɗauko wuƙar aiki. Da suka gan ni da ita kowa ya ja da baya. Na bi igiyoyin rumfa na yanke ɗaya bayan ɗaya. Ruwan da ya kwanta a kan tamfol ya zubo wa yayana da manyan baƙinsa na jam'iyya. Na tsallaka, na janye tabarma daga ƙarƙashin ƙafafunsu, na naɗe, na danna wa abokina a ƙirji.

Na ce, "Ɗana ne. Ku tafi."

Suka tafi. Aka bar ni da liman da tela da tsofaffi biyu. A zaure muka yi addu'ar, a kan buzun sallata da kwali. Babu sadaka sai goro. Gajeriya ce, amma na ji ta daga farko har ƙarshe, kuma ba a ambaci kowa a ciki ba sai yaron.

Wurin da nake kafa tukuba a bakin hanyar Tsinga, da bakin yayana nake riƙe da shi. Ya ce na wulaƙanta jam'iyya a gaban manyansa, ya zare hannunsa. Mako bai zagayo ba aka ba wani wurin. Abokina kuma ya zo da mutanensa da waya, wai in faɗa wa duniya yadda na kada rumfar azzalumai. Na tuna masa tabarmarsa ma na naɗe. Ya ce ashe an saye ni. Daga ranar ya daina ba ni nama.

Dukansu suna nan da rai. Ina jin labari kowanne na ba da zancen makokin a majalisarsa, kowa da irin nasa. Ban je na gyara wa kowa ba.

Yanzu ina wata unguwa, Elig-Edzoa. Ina yi wa wani mahauci sara a kan teburinsa, daga safe zuwa azahar. Ni da uwar yaron muna zaune a ɗaki ɗaya a bayan kasuwa.