Ranar da Kawu Shozo Ya Je Roƙon Datti

Kawuna Shozo ba ya iya ganin abu bai wanke shi ba. Shi ya riƙe gidan wankan unguwarmu a birnin Koriyama tun yana saurayi, kullum da buroshi a hannu, har kowa ya gina banɗakinsa a gida, ciniki ya mutu, ya rufe. Amma halin nan yana nan daram. In ka je gaishe shi, kafin ka ajiye kofin shayi ya ɗauke ya ɗauraye. Ina son sa ƙwarai, sai dai ba na daɗewa a gidansa, don gani nake ni ma yana iya kama ni ya cuɗe.

Abokin zamansa ɗaya ne, Gonta, kunkurun ruwan da ya samo wa 'yarsa a bikin bazara tana ƙarama. 'Yar ta yi aure can Sendai, matarsa ta rasu, aka bar shi daga shi sai Gonta cikin akwatin gilashi a bakin taga. Kowace safiya Kawu zai miƙa masa busasshen jatan lande, ya kai masa ƙarar maƙwabta masu barin shara a ƙofa.

Bara Gonta ya kwanta ciwo. Idanunsa suka kumbura, ƙoƙon bayansa ya yi fararen tabo. Likitar dabbobi ta riƙe shi a wurinta, ta ce kafin ya dawo a kashe duk ƙwayar cutar da ta maƙale a matatar ruwansa. Duk da fargabar da yake ciki, sai da na ga idon Kawu ya yi ƙyalli. Yau ga likita da bakinta ta ce ya yi wanki!

Ya kwance matatar kaf. Bututu da injin ya jiƙa su a ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, ya yi ta ɗauraya har warin ya fita. 'Yan duwatsun ciki ya tafasa su, tsohon soson da ke tace ruwan ya jefar, ya sayo sabo fari fat. Ya shanya komai a baranda kusa da katifarsa, yana waƙa da muryar nan tasa da ke korar tsuntsaye.

Gonta ya dawo da idanu garau. Kwana kaɗan sai ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa a ciki, ya fara ɗoyi. Gonta ya janye kansa cikin ƙoƙo, ya ƙi ko kallon abinci. Kawu ya sake wanke matatar, abin ya ƙara lalacewa. Na same shi zaune gaban gilashin, ya rame. Gaskiya na tsorata, don na san in kunkurun nan ya tafi, gidan zai yi wa Kawu girma.

Na kira likitar. Ta ce wankin farko daidai ne, amma a matata akwai ƙwayoyi masu amfani da ke cinye ƙazantar kunkuru, su ma bilic ya tafi da su. A riƙa canza rabin ruwan, a bar matatar ta huta, a kuma samo tsohon soso daga wurin mai lafiyayyun kifaye a sa a ciki.

Mai lafiyayyun kifaye a layinmu kuwa Hatsue ce, mai kiwon jajayen kifin ado, wadda suka yi firamare tare da Kawu. Tun ina yarinya yake kiranta Sarauniyar Gansakuka, saboda koren ruwan tafkunanta. Ya yi ta kai da kawowa a ɗaki, daga ƙarshe ya sa kwat, ya ɗauki kwalin alewar wake, ya ce in raka shi.

Hatsue ta fito da takalmin roba, ta ƙare masa kallo. Ta kira shi da sunan yarinta, ta ce, "Sho-chan, wa ya mutu?"

Ya ce, "Babu. Alfarma na zo nema."

"Sabulu ya ƙare maka?"

Ya sunkuya har ƙasa. "Tsohon soson matatarki nake so."

"Wanne? Mai dattin?"

"Shi."

"Ƙara faɗa, kunnen Sarauniya ya tsufa."

"Mai dattin nake so, Hatsu-chan! Gonta ba ya cin abinci."

Nan dariyar ta tsaya mata. Ta shige ciki da sauri, ta zaro wani soso ruwan ƙasa, mai yauƙi, ta sa a leda da ɗan ruwansa. Ta ce, "Riƙe da hannu biyu. In na ji ka kai shi bakin famfo, ni zan zo in wanke ka da kaina."

Haka ya ɗauko shi har gida, ya miƙe hannu gaba, hanci a yamutse. Ya tura shi cikin matatarsa mai sheƙi, ya kunna inji. Kwanakin da suka biyo baya ya sha wahala. In ya ga matatar ta fara duhu sai hannunsa ya kama ƙaiƙayi, har na taɓa samun sa ya zauna a kan tafukansa.

Ruwan ya yi ta washewa a hankali. Wata safiya na kawo masa miya, yana tsaye ya miƙa jatan lande kamar kullum, ba tare da sa rai ba. Sai kan Gonta ya leƙo, wuya ya miƙe, ya cafke abincin har da yatsan Kawu.

Kawu ya yi ƙara, ya fashe da dariya, hawaye na zuba. Bai tsaya neman takalmi ba. Ya ruga titi da farar safarsa, ya taka kwata bai ko duba ba, yana ɗaga yatsa sama yana ihu tun daga nesa.

"Hatsu-chan! Fito ki gani! Ya cije ni!"