Aron Tumaki Zuwa Takur

Wata Asabar ce cikin Agusta, ina aji huɗu, Kawu Sani ya tsaya a ƙofar gidanmu da akori-kura da sanyin safiya. Ƙanen Innarmu ne, ma'aikacin ofis, yana zaune a unguwar Takur, gida mai filin ciyawa a gaba. Damina ta sa ciyawar ta kai gwiwa, ga shi zai yi baƙi, shi ne ya zo aron tumakinmu huɗu su cinye masa ita. A cikinsu har da Goshi, tunkiyar da Kaka ta ba ni, wadda nake dama wa dusa kullum kafin in tafi makaranta. Tana da tsohon ciki, kuma ita kaɗai na mallaka a duniya.

Baba bai so ba, amma ya ji nauyin hana ƙanen matarsa. Tumakinmu a turke suke duk damina saboda gonakin mutane, ciyawar da aka yanko ta sha iska suka saba ci. Da aka ɗaɗɗaure ƙafafunsu aka loda, Baba ya ja ni gefe ya ce, "Ki gaya wa kawunki kada a sake su sai raɓa ta bushe, da yunwa suka kwana." Na hau bayan motar, kan Goshi bisa cinyata, duk ramin da muka faɗa sai ta yi kuka, ni kuwa ina ta bitar saƙon a raina.

Muna isa Kawu ya dubi agogonsa, ya kwance su da kansa. Ciyawar nan jiƙe take sharkaf. Wallahi maganar ta zo mini har baki, amma ina ni ina gyara wa babba, mutumin da ko Baba ke shimfiɗa wa tabarma? Na tsaya ƙiƙam ina kallonsu suna wawurar ɗanyar ciyawa.

Kafin azahar duk sun kumbura, cikin Goshi ya yi tam kamar ganga. Mai gadi, wani dattijo, ya ɗura musu man gyaɗa, ya yi ta murza cikinsu. Uku suka yi gyatsa suka miƙe. Tawa ta kwanta tana kumfa. Dattijon ya ɗaga mata fatar ido, ya ce, "Alhaji, a kawo wuƙa kafin ta zama mushe."

Da la'asar motar ta mai da ni gida da tumaki uku da nama a roba. Baba ya daɗe yana kallon robar, sannan ya ce, "Kin gaya masa?" Na girgiza kai. Bai doke ni ba, da ya doke ni ma da na fi samun sauƙi.

Yau yawancin filayen nan an malale su da siminti, babu mai zuwa aron tunkiya. Ina kewar ladabin zamaninmu, ban musa ba. Amma 'yata kan katse ni ina tsakiyar magana, har a gaban baƙi, dangi na cewa na sangarta ta. Ni dai shiru nake yi sai ta gama faɗin abin da ke bakinta.