Baba Surajo da Motar da Mata Biyar Ke Tayarwa

Kafin masu kifi su gama sauke kwandunan safe a bakin ruwan Yauri, Baba Surajo ya riga ya share gaban garejinsa, ya jera sifanoni a kan buhu daga ƙarama zuwa babba. Sai ya zauna bisa tsohuwar taya da kofin kunu, ya kasa wa titi kunne. "Wancan yana ƙona kuloci," zai ce, ko kai bai ɗaga ba. "Wannan kuwa sabon hannu ne, tsoron giya ta uku yake."

Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana kanikanci. Daga Shanga har Wara abu ɗaya aka san shi da shi: juya mota otomatik, mai canja giya da kanta, ta koma ta giyar hannu. Ƙarshen watan nan zai ajiye sifana, don bayansa ya daina yarda ya kwanta a ƙarƙashin mota.

To, mai karatu zai ce, me zai sa mutum ya sayi mota mai sauƙin tuƙi, sannan ya kai a ƙara mata wahala? Amsar tana Tungar Bashiru.

Tungar Bashiru ƙauyen masunta ne a gefen tafki, cikin ƙasar Ngaski. Ma'aikaciyar lafiyarsu ɗaya ce tal, Hasiya. Shekara uku da suka wuce jama'ar garin suka haɗa hannu suka sayo doguwar mota 'yar Beljiyam don kai marasa lafiya asibitin Wara, suka damƙa wa Hasiya makulli. Garin babu lantarki, don haka ba a yi wata guda ba motar ta koma wurin cajin waya. Ranar da naƙuda ta yi wa wata mai suna Nusaiba gardama, Hasiya ta murɗa makulli, sai ƙas, ƙas. Batir ya mutu.

Maza suka cire riguna suka hau turi, kamar yadda suka saba yi wa kowace mota. Suka tura ta daga ƙofar masallaci, suka gangara da ita har tayoyin gaba suka taɓa ruwa. Ko tari ba ta yi ba. A kwalekwale aka tafi da Nusaiba. Ita ta rayu, jaririn bai zo da rai ba.

Bayan sadakar uku aka janyo motar zuwa Yauri. Hasiya ta biyo ta, tare da Jibrin, ƙanen mai gari. Baba Surajo ya kewaya motar sau biyu, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari.

"Mi kunka yi mata?"

"Turawa munka yi, Baba," in ji Jibrin. "Mu talatin ba ɗaya."

"Ko ku ɗari ne, yaro. Wagga irin, mai ne tsakanin injinta da tayarta. In injin bai juya ba, tayar wahalar banza take."

"To, a sa muna sabon batir."

"Kuma ku bar cajin waya?"

Jibrin ya buɗe baki zai rantse, wayarsa ta hau kuka a aljihu. Masu shayin da ke gefe suka kwashe da dariya. Baba Surajo bai taya su ba. Ya dubi Hasiya.

"Ɗiyata, ran kasuwa, in maza sun bi jirgi, wa ke gida?"

"Mata masu bandar kifi, Baba. Sai tsofaffi."

"To, motar mata za mu yi."

Kwana tara ya yi a kanta. Ya sauke akwatin giya na otomatik, ya ɗora na hannu wanda ya je har Kontagora ya zaɓo. Ya sa faifan kuloci, ya huda ƙarfen gaban direba ya dasa feda ta uku kusa da birki, ya yanka ƙasan motar ya fito da sandar giya. Akwai wata 'yar waya da ke hana otomatik tashi sai an sa ta a tsaye. Yini guda ya yi yana bin ta da yatsa kamar mai neman ƙaya a tuwo, kafin ya raba motar da ita. Wani kanike da nan zai tsaya, ya miƙa makulli.

Shi kuwa sai ya sa Hasiya a kujerar direba a filin ƙwallo. Motar ta yi tsalle, ta mutu. Ta sake, ta mutu.

"Ɗiyata, kuloci ba kunama ba ne da za ki fizge ƙafa. Saki a hankali, kamar kina sauke jinjiri mai barci."

Hasiya ta kawar da kai. Ya gane ya taɓa gyambo, ya ce, "Yi mini gafara." Ta girgiza kai, ta taka kuloci. A karon nan motar ta tafi sumul.

Da ƙafarta ta faɗa, ya rufe gareji ya raka su Tungar Bashiru. Bai tsaya gaishe-gaishe mai tsawo ba. Ya bi garin da ƙafa yana taka ƙasa da diddige, yara na binsa suna tambayar ko rijiya zai haƙa. Ya ƙi gangaren masallaci, don ƙarshensa ruwa ne. Bayan rumfunan banda ya sami wani ɗan tudu mai tsakuwa da ke gangarawa zuwa hanyar Wara.

"Nan za ta riƙa kwana," ya ce. "Hancinta na kallon gangare, dutse a gaban taya."

Sannan ya cire batir mai kyau, ya ɗaura wani mai rabin rai da ya zo da shi, ya ce a kira masa mata biyar. Inna Tabawa, shugabar masu banda, ta fito tana ɗaure zani.

"Kai malam, mu da muke jan kwalekwale da kaya zuwa tudu, wanga gwangwani zai gagare mu?"

"Ba ƙarfi nake nema ba, Inna, haɗin baki. Kada ku saki sai ta yi magana."

Sai da suka tayar da ita da turi a giya ta biyu sau shida a jere ya yarda ya ci abinci.

Daminar bara aka ga amfanin. Ran kasuwa ne, rana tsaka, maza duk sun bi jirgi. Kububuwa ta sari Andarawus, manomi daga kan tudu da ke noman shinkafa a fadamar garin. Matarsa Rachel ta kawo shi a kan jaki, ƙafar ta kumbura har gwiwa, jini na tsattsafowa daga dasashinsa. Hasiya ta murɗa makulli. Ƙas, ƙas.

"Inna Tabawa!"

Mata huɗu suka bar kifi a kan wuta, Rachel ta zama ta biyar. Aka kawar da dutse. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi, motar na tafiya da ƙyar. Hasiya ta yi gaggawar sakin kuloci, motar ta yi tsalle ta tsaya cak. Rabin gangaren ya tafi. Abin da ya saura bai fi taku ashirin ba, bayansa sai yashi.

"Ke Hasiya," in ji Inna Tabawa tana haki, "kada ki saki sai na ce!"

Suka duƙa. Taku biyar, taku goma, takalmin wata ya tsinke. A bakin yashi Inna Tabawa ta kwarma ihu, Hasiya ta ɗaga ƙafa. Motar ta yi tari sau biyu, ta kama.

Andarawus yana nan da ransa, ɗingishi kaɗan ya rage masa. Da kaka shi da matarsa suka zo gareji da buhun shinkafa, Hasiya ta tuƙo su. Baba Surajo ya saurari labarin har ƙarshe, sannan ya juya gare ta.

"A wace giya kinka sa ta?"

"Ta biyu, Baba."

"Madalla," ya ce, ya koma kan tayarsa.

Baba Surajo, kai ne kaniken da bai ɗauki aiki ya ƙare a ƙofar gareji ba. Kai ne ka ga mutanen da ba za su bar cajin waya ba, ba ka tsaya yi musu wa'azi ba, ka yi musu motar da ta dace da halinsu. Gwanin feda uku, mun gode. Allah Ya ba bayanka lafiya, Ya sa hutun ya yi albarka.

Ku kuma masu sana'a, teloli da magina da kanikawan da zai bar wa titin Yauri, in aka kawo muku aiki, ku taka ku ga inda za a yi amfani da shi. Tafiyar yini guda ce Baba Surajo ya yi zuwa Tungar Bashiru, ga shi yau 'ya'yan Andarawus huɗu suna da uba.